Tsohon bashin katin banki ya taso bayan shekaru: in biya ɗan abin da suka nema ko in daina ɗaukar waya?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka. A 2014 na rasa aikina, na kasa ci gaba da biyan wani katin bashi da banki ke bina kusan dala 3,000 a kansa. Daga baya na koma gida na yi wajen shekara biyu, da na dawo kuma sai na sauka a wata jiha daban. Tun daga lokacin ban ƙara jin ɗuriyar maganar ba sai watan jiya, da wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba ya fara kirana, yana cewa bashin ya haura dala 7,000, amma idan na saka ko da dala 50 a yau za su yafe mini rabi. Hankalina ya tashi, domin ba na son abin da zai taɓa albashina ko takarduna. In biya ɗan abin da suka nema, ko in daina ɗaukar wayarsu?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ba ni zaɓi biyu, ni kuwa ba zan ba ka shawarar ko ɗaya daga cikinsu a yanzu ba. Abin da kake tambaya a zahiri shi ne ko wannan kamfani yana da sauran ikon kai ka kotu a kan bashin da ka daina biya tun 2014, da kuma ko dala 50 ɗin da suke nema za ta rage maka nauyi ne ko za ta ƙara. Na daɗe ina zama da 'yan'uwanmu mazauna Amurka ina duba musu irin waɗannan wasiƙu, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya cuci kansa a kiran waya na farko, tun kafin ya san shekarun bashin a idon doka. Saboda haka kada ka biya ko sisi, kada ka yi alkawarin biya, kada kuma ka ce ka amince da bashin, har sai ka samu takarda a hannu ka san ranar da ka yi biya na ƙarshe.

Yadda bashin ya faɗa hannun wanda ba ka sani ba

Idan mai kati ya yi kusan kwana 180 bai biya ba, banki yakan cire bashin daga cikin kuɗin da yake sa ran dawowarsu, ya rubuta shi a matsayin asara. Wannan gyaran littafin banki ne kawai, bai nufin an yafe maka. Bayan haka bankuna da yawa sukan haɗa dubban irin waɗannan basussuka su sayar da su a dunƙule ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, su kuma su sake sayarwa ga wasu, har bashi ɗaya ya ratsa hannu uku ko huɗu. Wani bincike da hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta fitar a 2013 ya nuna cewa masu sayen bashi suna biyan kimanin santi huɗu ne a kan kowace dala, kuma tsohon bashi ya fi haka araha. Ka ga ke nan wanda ya ce zai yafe maka rabin dala 7,000 ba alheri yake yi maka ba, riba yake lissafawa. Abin da kuma ya fi muhimmanci a gare ka shi ne, sau da yawa abin da ake miƙa wa mai saye jerin sunaye ne da lambobi da adadin kuɗi, ba tare da yarjejeniyar asali ko takardun wata-wata ba. Daga nan ne kurakurai ke shiga: a bi wanda ya riga ya biya, a bi mai suna irin na wani, ko a ɗora kuɗin ruwa da tara da babu wanda zai iya nuna inda suka fito.

Wa'adi biyu da mutane ke gaurayawa

Akwai wa'adin shigar da ƙara, akwai kuma wa'adin zaman bashi a rahoton tarihin bashinka, kuma ba su da alaƙa da juna. Na biyun ya fi sauƙin bayani. Dokar tarayya ta 1970 da ke kula da waɗannan rahotanni ta ce bashin da aka gaza biya ba zai wuce kimanin shekara bakwai a rahoton ba, ana kuma ƙirgawa ne daga lokacin da ka fara gaza biya, ba daga ranar da sabon kamfani ya saye shi ba. Bashin 2014 ya kamata a ce ya daɗe da fita. Ka nemi rahotonka daga Equifax da Experian da TransUnion, manyan kamfanoni ukun da ke haɗa irin wannan rahoto, kyauta ne ta shafin AnnualCreditReport.com, kuma idan ka tarar an shigar da bashin da sabuwar rana don ya yi kama da na kwanan nan, wannan saɓa wa doka ne, kana da ikon ƙalubalantarsa a rubuce.

Wa'adin shigar da ƙara shi ne inda maganar ta yi zurfi, domin kowace jiha da nata. A mafi yawan jihohi yana tsakanin shekara uku zuwa shida. Kalifoniya da Tekzas shekara huɗu ne, Merilan da Delawa uku, Niyok kuma ta rage nata daga shida zuwa uku tun watan Afrilun 2022. Galibi ana fara ƙirgawa daga biya na ƙarshe ko daga lokacin da aka saɓa yarjejeniya. Idan wa'adin ya cika, bashin bai mutu ba a yawancin jihohi, abin da ya mutu shi ne ikon tilasta maka ta hanyar kotu. Misisifi da Wiskonsin suna cikin 'yan jihohin da cikar wa'adi ke shafe bashin kansa. A sauran wurare kamfani yana iya ci gaba da aiko da wasiƙa yana roƙon ka biya, amma ƙa'idar hukumar kare masu hulɗa da harkokin kuɗi, CFPB, wadda ta fara aiki ranar 30 ga Nuwamba 2021, ta hana shi kai ka ƙara ko ma yi maka barazanar ƙara a kan bashin da wa'adinsa ya wuce.

A nan ne dala 50 ɗin nan take da haɗari. A jihohi da dama, idan mutum ya biya wani ɓangare na tsohon bashi, ko ya sa hannu a takardar da ke nuna ya amince ana binsa, wa'adin yana komawa farko, sai bashin da jiya ba a iya kai shi kotu a kansa ya zama yau ana iya kai shi a kan dukan adadin. Wanda ya kira ka ya san wannan sarai, shi ya sa bai damu da ƙanƙantar kuɗin ba, kuma shi ya sa ya ce sai yau. Wasu jihohi sun toshe wannan ƙofa: Tekzas ta yi haka a 2019 game da masu sayen bashi, Niyok ma a dokarta da ta fara aiki a 2022, Merilan kuma tun kafin su. Amma ba ka faɗi jihar da kake ba, don haka ka ɗauka cewa ƙofar a buɗe take har sai ka tabbatar da akasin haka.

Akwai abu biyu a labarinka da ya sa ba zan ce maka kai tsaye wa'adi ya wuce ba, duk da cewa alamu sun fi karkata can. Na farko, tafiyarka gida. Dokokin wasu jihohi suna dakatar da ƙirgen wa'adi a lokacin da wanda ake bi ba ya cikin jihar, kuma wannan ya shafi mutanenmu fiye da yadda suke zato, tunda da yawa sukan je gida su yi shekara ɗaya ko biyu. Na biyu, sauya jiha da ka yi. Ana iya yin gardama a kan dokar da za a bi: ta inda ka karɓi katin, ta inda kake yanzu, ko ta jihar da aka rubuta a yarjejeniyar katin, wadda sau da yawa takan kasance inda bankin ya yi rajista, kamar Delawa ko Dakota ta Kudu. Ko da an cire shekara biyun da ka yi a gida, lissafin yakan fita a gefenka a mafi yawan jihohi, amma lauyan jiharka ne zai tabbatar maka da wannan bayan ya ga takardun.

Abin da za ka yi idan sun sake kira

Ka ɗauki wayar, amma ka zama mai tambaya, ba mai amsawa ba. Ka nemi sunan mai magana, da cikakken sunan kamfanin, da adireshin da ake aika musu wasiƙa, da sunan bankin da ya ba da katin tun asali. Idan ya ce, to amma dai ka tuna da wannan kati ko, sai ka ce masa ba za ka tattauna komai ta waya ba, su aiko maka da bayani a rubuce. Zai sake gwadawa ta wata hanya, ya ce yana son ya taimake ka ne, ko ya ce rangwamen zai ƙare da yamma. Ka maimaita maganarka ɗaya ka ajiye waya. Ka tuna cewa yawancin waɗannan kiraye-kiraye ana naɗar su. Kada ka ba da lambar asusunka, ko cikakkiyar lambarka ta Social Security, wato lambar shaidar da gwamnatin Amurka ta ba ka, ko sunan wurin aikinka, domin a cikin masu irin wannan kira akwai 'yan damfara tsantsa waɗanda babu wani bashi a hannunsu, kuma alamarsu ita ce su ƙi ba da adireshi, ko su nemi ka biya da katin kyauta na kanti ko ta tura kuɗi nan take.

Dokar tarayya ta 1977 da ake kira FDCPA a taƙaice ta wajabta wa kamfanin da ke neman ka biya bashi ya ba ka sanarwa, ko dai a tuntuɓar farko ko cikin kwana biyar bayanta, wadda ke ɗauke da sunan wanda ake cewa yana binka da adadin kuɗin da yadda aka tara shi. Daga lokacin da ta iso gare ka kana da kwana 30 ka rubuta ka ce ba ka yarda ba, kuma da zarar ka yi haka dole su dakata da nema har sai sun aiko maka da shaida. Wasiƙar ba ta bukatar tsawo. Ka rubuta cewa kana ƙalubalantar bashin, ka nemi sunan mai bashin na asali da ranar biya na ƙarshe da bayanin yadda dala 3,000 ta zama 7,000 da kuma hujjar cewa su ne suka mallaki bashin yanzu, sannan ka ƙara layi ɗaya da ke cewa wannan wasiƙa ba amincewa da bashin ba ce. Kada ka ba da labarin rasa aikinka, kada ka ba da haƙuri, domin duk wannan ana iya karanta shi a matsayin ka amsa. Ka aika ta gidan waya da irin aiken da ake dawo maka da shaidar an karɓa, ka ajiye kwafi. Na sha ganin kamfani ya yi tsit bayan irin wannan wasiƙa, ba don tausayi ba, sai don takardun da ake nema ba sa hannunsa.

Dokar ta kuma hana su kiranka kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan ƙarfe 9 na dare, ta hana zagi da ƙarya, ta hana su gaya wa maƙwabcinka ko mai gidan aikinka cewa ana binka bashi, kuma a ƙa'idar 2021 kira fiye da sau bakwai cikin kwana bakwai a kan bashi ɗaya ana ɗaukarsa a matsayin takurawa. Idan sun keta waɗannan, kana da shekara ɗaya ka kai su ƙara, kotu na iya ba ka har dala 1,000 ban da asarar da ka yi, ta kuma ɗora musu kuɗin lauyanka, wanda shi ya sa wasu lauyoyi ke karɓar irin wannan shari'a ba tare da sun nemi kuɗi a hannunka ba. Kana iya kai koke ga CFPB ko ofishin babban lauyan jiharka. Kana da ikon rubuta musu ka ce su daina tuntuɓarka ɗungurungum, su kuma dole su bi, sai dai ni ban cika son a yi gaggawar wannan ba kafin a tabbatar wa'adi ya wuce, domin idan bai wuce ba, rufe ƙofar magana yakan bar musu hanya ɗaya ce kawai, wato kotu.

Game da takardunka kuwa, ka kwantar da hankalinka. Gaza biyan katin bashi ba laifi ne da ake kama mutum a kansa ba, kuma kamfanin karɓar bashi ba shi da ikon sa a kore ka daga ƙasa. Duk wanda ya yi maka barazana da 'yan sanda ko jami'an shige da fice a kan wannan, shi ne ya karya doka.

Idan sammaci ya zo

Wannan shi ne wurin da shiru ke halaka mutane. Cikar wa'adi kariya ce da a yawancin kotuna sai kai da kanka ka ɗaga ta, alƙali ba zai duba maka kalanda ba idan ba ka bayyana ba. Duk da hanin da doka ta yi, ana samun masu shigar da ƙara a kan tsohon bashi, suna dogaro da cewa wanda ake ƙara ba zai zo ba, kuma lissafinsu yakan yi daidai: wani rahoto da cibiyar Pew ta fitar a 2020 ya nuna cewa a wuraren da aka bincika, fiye da kashi 70 cikin ɗari na ƙararrakin bashi suna ƙarewa ne da hukunci a bayan idon wanda ake ƙara. Wata baiwar Allah da ta taɓa zuwa wurina ba ta san an yanke mata hukunci ba sai da katinta ya ƙi aiki a wurin biyan kuɗin cefane, ta je banki aka ce an riƙe asusunta da umarnin kotu. Da muka zazzage jakar takardunta sai ga sammacin a tsakanin tallace-tallacen kanti, ba a ko buɗe ambulan ɗin ba, don ta ɗauka wata wasiƙar masu damunta ce. Bashin nata ya daɗe da wuce wa'adi, kuma amsa mai shafi ɗaya da ta ishe ta tun farko, amma sai da aka sha wahalar roƙon kotu ta janye hukuncin.

Lokacin ba da amsa gajere ne, a Kalifoniya kwana 30, a ƙananan kotunan Tekzas kwana 14, kuma yana rubuce a jikin sammacin. A cikin amsar za ka ce wa'adin shigar da ƙara ya wuce, ka kuma nemi mai ƙara ya nuna hujjar mallakar bashin tun daga banki har zuwa hannunsa. Ofisoshin taimakon shari'a kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi suna nan a kowace jiha, kotuna da yawa kuma suna da teburin taimaka wa wanda ba shi da lauya. Idan aka bari hukunci ya fita, magana ta canza gaba ɗaya, domin hukuncin kotu yana da nasa dogon wa'adi, shekara goma a Kalifoniya kuma ana iya sabuntawa, shekara ashirin a Niyok, sannan da shi ake yankar albashi, wanda dokar tarayya ta ƙayyade kada ya wuce kashi 25 cikin ɗari na abin da ya rage bayan an cire haraji. Tekzas da Fensilbaniya da Karolina ta Arewa da ta Kudu ba su yarda a yanki albashi a kan irin wannan bashi ba, amma ana iya taɓa asusun banki. Tunda kuma ka yi shekaru ba ka nan, ka binciki rajistar kotun gundumar da ka zauna a da, don ka tabbatar ba a riga an yi maka hukunci a tsohon adireshinka ba. Idan an yi, duk lissafin wa'adin da na yi a sama ya tashi, sai a koma duba ko an isar maka da sammaci yadda doka ta ce.

In kana son ka biya don sauke nauyi

Na san da yawa daga cikinmu wannan magana ba ta tsaya a kotu ba. Mutum ya ci kuɗin, ya san ya ci, kuma tarbiyyarmu da addininmu ba su san bashi ya tsufa har ya faɗi da kansa ba. Ba zan ce maka ka yi watsi da wannan tunani ba, bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma son sauke shi abin yabo ne. Sai dai ka rarrabe uwar kuɗin da ka kashe da kuɗin ruwa da tarar da aka jibga a kai, ka kuma tuna cewa bankin da ya ba ka ya riga ya sayar da haƙƙinsa. Hukuncin wanda ya kamata ka biya da nawa ya wajaba a kanka tambaya ce ta malamai, ba tawa ba. Abin da ke nawa shi ne in ce idan za ka biya, ka biya da idonka a buɗe.

Ma'anar haka ita ce ka fara tabbatar da cewa kamfanin ne ya mallaki bashin, don kada ka biya wannan gobe wani ya fito da irin takardar. Ka yi ciniki, domin wanda ba shi da ikon kai ka kotu ba shi da ƙarfin tsayawa a kan rabi, kuma ka nemi a gama da biya ɗaya maimakon kaɗan-kaɗan duk wata, tunda biyan farko na iya farfaɗo da wa'adi a kan ragowar. Kafin kuɗi ya bar hannunka, ka karɓi takarda mai ɗauke da sunan kamfanin da lambar asusun da adadin da aka daidaita, wadda ta ce a fili wannan biya ya kashe bashin baki ɗaya kuma ba za a sayar da ragowar ga kowa ba. Ka biya da cekin banki ko takardar kuɗi ta gidan waya, kada ka ba su izinin cira daga asusunka kai tsaye. Kada kuma ka sa ran biyan zai ɗaga makin tarihin bashinka, tunda bashin ya riga ya fita daga rahoton.

Idan aka yafe maka dala 600 ko fiye, suna iya aika wa hukumar haraji ta IRS takardar da ake kira 1099-C, kuma abin da aka yafe ana iya lissafa shi cikin kuɗin shigarka na wannan shekara, sai dai in a lokacin basussukanka sun fi dukiyarka yawa, wanda akwai takardar neman sassauci a kansa. Ka nuna wa mai cike maka takardun haraji idan ta zo, ka kuma adana yarjejeniyar sulhun da shaidar biya a wuri ɗaya ba tare da ka sa musu ranar zubarwa ba, domin bashin da aka kashe yakan sake bayyana a jerin da aka sayar wa wani kamfani bayan shekaru.